Muhawara: Me ya sa a Amurka inshorar lafiyar mutum take ɗaure da aikinsa?

Bafagge_74:
Assalamu alaikum, 'yan uwa na wannan zaure. Ina da tambaya ga mazauna Amurka, da ma duk wanda ya san lamarin. An rage ma'aikata a wani rumbun ajiyar kaya da ƙanena yake aiki a Houston, ragin ya haɗa da shi, kuma abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne inshorar lafiyar iyalinsa, wadda ya ce za ta ƙare da ƙarshen watan da aka sallame shi. Mai ɗakinsa tana da juna biyu, shi kuma yana shan maganin hawan jini. Ni dai abin ya ɗaure mini kai. Ta yaya ƙasar da ta fi kowace ƙasa kashe kuɗi a kan lafiya za ta bar zuwan mutum asibiti a hannun wanda ya ɗauke shi aiki? Doka ce ta tanadi haka, ko kuwa al'ada ce da aka saba da ita? Kuma me ya hana su yin tsari irin na Ingila, inda kowa yake ganin likita ko yana da aiki ko ba shi da shi?

Direban_Houston:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya musanya masa da mafi alheri, ya sauki mai ɗakinsa lafiya. Kafin masana su kawo tarihi, ga abin da ya kamata ya yi da gaggawa, domin ni ma a garin nake. Duk wanda ya rasa inshorar wurin aiki yana da kwana 60 da zai shiga kasuwar inshora ta gwamnati, wadda aka fi sani da Obamacare, ya zaɓi wani tsari ba tare da ya jira rajistar ƙarshen shekara ba, kuma ana rage masa kuɗin wata gwargwadon abin da yake samu. Mai ɗakin tasa ta nemi Medicaid, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ɓangaren masu juna biyu, idan kuma takardunta ba su ba ta damar samunsa ba, jihar Texas tana da wani shiri mai suna CHIP Perinatal da ke ɗaukar nauyin awo da haihuwa. Shi kansa kada ya sa rai da Medicaid, saboda Texas na cikin jihohi 10 da suka ƙi faɗaɗa shi ga manya masu ƙaramin ƙarfi.

Za a aiko masa da takardar COBRA, wato dokar da Shugaba Reagan ya sa wa hannu a 1986, wadda ta ba wanda ya bar aiki a kamfani mai ma'aikata 20 zuwa sama damar ci gaba da inshorarsa har wata 18. Sai dai shi zai biya kuɗin gaba ɗaya, nasa kason da wanda kamfani ke biya a da, har da ƙarin kashi 2 cikin 100. Mutumin da albashinsa ya tsaya, ina zai samo wannan? Mu masu tuƙi ta manhajar ɗaukar fasinja ma ba mu kai nan ba, domin a takarda 'yan kwangila ne mu masu zaman kansu, babu mai ba mu inshorar da za mu rasa.

Bazazzagen_Chicago:
Malam Bafagge, babu wanda ya zauna ya tsara abin tun farko, yaƙi ne ya haife shi. A 1929 wani asibiti a Dallas ya yi yarjejeniya da malaman makaranta, kowa ya biya rabin dala a wata, a kwantar da shi har kwana 21 a shekara idan ya yi rashin lafiya, kuma daga nan inshorar lafiya ta Blue Cross ta samo asali. Amma abin bai bazu ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1942 gwamnati ta hana ƙarin albashi don kada farashi ya tashi, ga shi maza sun tafi fagen daga, masana'antu suna rububin ma'aikata. Tun da ba su da ikon ƙara albashi, sai suka koma jan hankalin mutane da inshorar lafiya, hukumar ƙwadago ta lokacin yaƙi kuma ta yarda cewa wannan ba ya cikin albashin da aka ƙayyade. A 1954 dokar haraji ta tabbatar da cewa kuɗin da kamfani ya biya wa ma'aikaci na inshora ba a cire masa haraji. Wannan shi ne turken da ya riƙe tsarin har yau: idan ubangidanka ya saya maka, babu haraji, idan ka karɓi albashi ka saya da kanka, an riga an yanki haraji a kuɗin.

An yi yunƙurin sauyawa tun da wuri. Shugaba Truman ya nemi majalisa a 1945 ta kafa inshorar ƙasa ga kowa, ƙungiyar likitocin Amurka ta kashe maƙudan kuɗi tana yaƙar shirin, tana kiransa gurguzu, a daidai lokacin da ake tsoron Tarayyar Sobiyet. Shirin ya mutu. Manyan ƙungiyoyin ƙwadago da suka ga haka sai suka koma neman inshora a teburin ciniki da kamfanoni, kamar yarjejeniyar ma'aikatan ƙera motoci da General Motors a 1950. Da aka zo 1965 Shugaba Johnson ya sa hannu a kan Medicare na masu shekara 65 zuwa sama da Medicaid na matalauta, ya je har garin su Truman a Missouri ya miƙa masa katin farko. Tsofaffi da wasu matalauta suka samu, mai aiki kuwa aka bar shi da ubangidansa. Yanzu sama da mutum miliyan 150 ne ke samun inshora ta wannan hanya.

Malamar_Jinya_Maryland:
Allah ya ƙara ilimi, Malam Bazazzage. Ni ina so in ƙara cewa riƙe katin inshora a aljihu ba ya nufin mutum ya tsira. A 2024 matsakaicin kuɗin inshorar iyali ta wurin aiki ya haura dala 25,000 a shekara, ma'aikaci yana biyan sama da dala 6,000 daga albashinsa, kamfani ya biya sauran. Wannan ne ya sa abin da Direba ya faɗa game da COBRA yake da nauyi, domin lissafin ya wuce dala 2,000 a wata. Bayan haka akwai wani adadi da sai mutum ya fara kashewa daga aljihunsa a kowace shekara kafin inshora ta sa hannu, wanda ga masu ƙaramin aiki yakan kai dubban daloli, sannan akwai jerin asibitoci da likitocin da aka yarda ka je, idan ka fita daga jerin ka ɗauki nauyin kanka.

Abin da nake gani a ɗakin marasa lafiya shi ne, likita zai ce a ɗauki hoton ciki, mutum yana riƙe da cikinsa yana gumi, amma tambayar farko da zai yi mini ita ce nawa za a caje shi. Ni kuma ba ni da amsa, domin takardar kuɗin sai bayan makonni take zuwa gida ta gidan waya. Na sha ganin masu ciwon sukari da ke rage allurarsu don kwalba ta kai su ƙarshen wata. Na kuma yi aiki da wata baiwar Allah da ta shekara da shekaru tana haƙuri da shugaban da ke wulaƙanta ta, ta samu aiki mafi albashi a wani wuri ta ƙi tafiya, saboda ɗanta yana da sikila kuma tana tsoron watannin da za ta yi kafin sabuwar inshora ta fara. Doka ta yarda sabon wurin aiki ya sa ka jira har kwana 90.

Ɗan_Damagaram:
To idan mutum ba shi da inshora ya faɗi a hanya, sai a bar shi ke nan?

Malamar_Jinya_Maryland:
A'a, ɗan'uwa. Tun 1986 akwai dokar da ta tilasta wa sashen gaggawa na kusan kowane asibiti ya duba duk wanda ya zo, ya kuma daidaita shi, ko yana da kuɗi ko babu, ko yana da takardun zama ko babu. Amma dokar ba ta ce kyauta ba, bashin yana biyo shi gida, kuma ba ta shafi ciwon da ke buƙatar kulawa ta watanni ba, kamar maganin daji ko na hawan jini.

Alhaji_Atlanta:
Na karanta duka, kuma ina ganin ana kallon gefe ɗaya. Ni ina da ƙaramin kamfanin jigilar kaya, na san abin da ake nufi da biyan ma'aikata a ƙarshen mako, kuma ba na musun cewa tsarin yana da tsada. Amma masu cewa gwamnati ta karɓi komai su gaya mana wa zai biya. Jihar Vermont, mahaifar siyasar Sanata Bernie Sanders mai fafutukar inshora ga kowa, ta yi doka a 2011 don kafa inshora ɗaya ga kowa, amma a ƙarshen 2014 gwamnan da ya kawo shirin, Peter Shumlin, ya janye shi da kansa bayan ya ga irin harajin da za a ɗora, ciki har da kashi 11.5 cikin 100 a kan albashin da kamfanoni ke biya. Ɗan jam'iyyar Dimokurat ne, ba abokin adawa ba. Ingilar da Malam Bafagge ya ambata kuwa, a 2023 jerin masu jiran magani a asibitocinta ya wuce miliyan 7 da rabi. A nan idan kana da inshora mai kyau, ganin ƙwararren likita da yin aiki ba sa ɗaukar wannan lokaci, kuma sababbin magunguna da yawa a nan suke fara fitowa. Mu da muka baro ƙasashen da asibitin gwamnati ke rubuta maka safar hannu da sirinji ka je ka sayo, bai kamata mu yi saurin miƙa wa gwamnati lafiyarmu ba.

Bakatsiniya_Landan:
Alhaji, maganar jira gaskiya ce, ba zan ɓoye ba. Neman ganin likitan unguwa yakan zama aiki, mutane suna kiran waya tun ƙarfe takwas na safe layi ya cika, aikin gwiwa ko na ƙugu kuma yakan ɗauki watanni masu yawa. Amma tun ranar 5 ga Yuli 1948 da ministan lafiya Aneurin Bevan ya buɗe NHS, wato tsarin kula da lafiya na ƙasa, ba a tambayar mara lafiya inda yake aiki. Maigidana ya taɓa zama ba aiki, a cikin wannan lokaci aka yi masa aikin gaggawa a hanji, muka fito ba a miƙo mana takardar ko fam ɗaya ba. Mun biya tun tuni ta haraji, kuma muna ci gaba da biya. Game da wa zai biya, ai kuna biya yanzu ma: a 2023 Amurka ta kashe dala tiriliyan 4.9 a kan lafiya, kusan kashi 18 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa, Birtaniya kuwa wajen kashi 11 take kashewa, ta rufe kowa, kuma mutanenta sun fi naku tsawon rai. A shekarar nan ɗaya mutum kusan miliyan 26 ne ba su da inshora a Amurka.

Wakilin_Ƙwadago_Bronx:
Ina roƙon a dawo kan gefen da ba a taɓa sosai ba, wato raunin ma'aikaci, domin shi ne yake sa ɗaure inshora da aiki ya zama haɗari. A jihohi 49 cikin 50, in ban da Montana, ƙa'idar ita ce ubangida yana iya sallamar ma'aikaci a kowane lokaci ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma babu dokar tarayya da ta tilasta masa biyan kuɗin sallama. Babu dokar tarayya da ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya da albashi, ko na haihuwa da albashi. Abin da ake da shi shi ne dokar 1993 ta zamanin Clinton, mako 12 ba albashi, ita ma sai kamfanin yana da ma'aikata 50, kai kuma ka shekara a wurin ka yi awa 1,250. Ku haɗa waɗannan wuri ɗaya: ciwo ya hana ka aiki, rashin zuwa aiki ya sa a sallame ka, sallama ta ɗauke inshorar a daidai lokacin da kake buƙatarta.

Obamacare ta 2010 ta ce kamfani mai ma'aikata 50 ya ba da inshora ga wanda ke yin awa 30 a mako. Ku shiga bayan wani kanti ko gidan abinci ku dubi jadawalin da aka manna a bango kusa da na'urar buga lokaci, za ku ga sunaye a jere, kowa awa 28 ko 29. 'Yan uwanmu da yawa a nan Bronx aiki biyu suke haɗawa irin wannan, awa kusan 60 a mako, babu ɗaya da ke ba su inshora. Kuma idan ma'aikata suka tashi neman haƙƙi, inshorar takan zama bulala. A watan Satumba 2019, da ma'aikatan General Motors kusan 48,000 suka shiga yajin aiki, kamfanin ya dakatar da biyan inshorarsu, sai da aka yi ta suka sannan ya mayar bayan 'yan kwanaki. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. A shekarun 1950 kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikata suna cikin ƙungiya, yau kusan kashi 10 cikin 100 ne, a kamfanoni masu zaman kansu kuwa wajen kashi 6.

Lauya_Mai_Nazari:
Gyara kaɗan ga Wakili, don kada wani ya karanta ya yi watsi da haƙƙinsa. Sallama ba dalili tana da iyaka. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta hana kora saboda launin fata, addini, jinsi ko ƙasar asali, an ƙara juna biyu a 1978, dokar masu buƙata ta musamman ta 1990 kuma ta kare masu naƙasa da wasu masu ciwo mai daɗewa. Jihohi irin su New York da Kalifoniya suna da nasu dokokin hutun rashin lafiya da na haihuwa da ake biya. Inda Wakili yake da gaskiya shi ne, nauyin kawo hujja yana kan wanda aka kora, shari'a kuma tana ɗaukar lokaci, alhali inshora a ƙarshen wata take yankewa. Haka nan a yi wa Obamacare adalci: ta hana kamfanonin inshora ƙin karɓar mutum ko ƙara masa kuɗi saboda ciwon da yake da shi tun da, ta bar 'ya'ya a kan inshorar iyaye har shekara 26, kuma yawan marasa inshora ya sauko daga kusan kashi 16 cikin 100 a 2010 zuwa wajen kashi 8. Kafin ta, mai hawan jini irin ƙanen Malam Bafagge zai iya neman inshora da kuɗinsa a hana shi.

Baƙon_Hamburg:
Akwai hanya ta uku da ba a ambata ba, kuma ina ganin za ta fi kwanta wa Alhaji_Atlanta a rai. A Jamus ma daga albashi ake cirewa, tun dokar Bismarck ta 1883. Asalin kason shi ne 14.6 cikin 100 da ɗan ƙari, ma'aikaci rabi, ubangida rabi. Bambancin shi ne kuɗin yana shiga asusun lafiya da kai ka zaɓa, wanda ba na kamfaninka ba ne, kuma ba don riba aka kafa shi ba. Ka sauya aiki, katinka ɗaya. Aka sallame ka, hukumar marasa aiki ta ci gaba da biya maka. Matarka da 'ya'yanka da ba sa aiki suna ciki ba ƙarin kuɗi. Idan ka kwanta ciwo ubangida yana biyanka cikakken albashi har mako shida, daga nan asusun ya karɓa. Likitoci da yawa masu zaman kansu ne, gwamnati ba ta mallake su ba. Holan da Suwizalan kuma kamfanonin inshora masu zaman kansu suke amfani da su, amma dole kowa ya saya, dole kuma kamfani ya karɓi kowa. Saboda haka rufe kowa ba lallai ya zama irin na Ingila ba.

Zongo_Kumasi:
Mu a Gana mun san zafin biya kafin a duba ka, shi ya sa aka kawo inshorar ƙasa a 2003 zamanin Shugaba Kufuor, ana tara mafi yawan kuɗin ta ƙarin kashi 2.5 cikin 100 a kan harajin kayan saye. Mai sayar da koko da mai aikin banki duk suna iya riƙe katin, kuma ba ruwansa da wurin aiki. Matsalarmu ita ce jinkirin biyan asibitoci, sai ka je da kati a ce maganin ya ƙare, ka fita ka saya.

Ɗan_Damagaram:
Haka muke a Nijar. Tun 2006 aka ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta ne, amma idan gwamnati ta yi jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu, sai kyautar ta tsaya a takarda.

Ma'aikaciya_Abuja:
Abin da ya ja hankalina a bayanin Malam Bazazzage shi ne, mu ma a Najeriya ta ƙofar aiki muka shiga. Da aka ƙaddamar da shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, a 2005, da ma'aikatan gwamnatin tarayya aka fara, sai manyan kamfanoni, alhali mafi yawan jama'a manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu waɗanda ba su da takardar albashi da za a cire wani abu a ciki. Dokar NHIA da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta ce inshora wajibi ce ga kowa, jihohi irin su Kano kuma suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya, amma har yanzu sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun mutane yake fitowa. Idan wannan hanya ta bar miliyoyi a waje a ƙasar da yawancin mutane ke da aikin albashi, ban ga yadda za ta kai mu ba.

Mai_Kula_da_Zaure:
Jama'a, maganar ƙasashenmu ta cancanci nata zaren, duk mai so ya buɗe. A nan mu tsaya kan tambayar Malam Bafagge.

Bafagge_74:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, na kuma tura wa ƙanena abin da Direba ya rubuta. Kashi na ƙarshe na tambayata ne har yanzu ban gamsu ba. Ƙasar dimokuraɗiyya ce, talaka yana da ƙuri'a. Idan tsarin yana cutar da mutane haka, me ya hana su zaɓi waɗanda za su sauya shi?

Bazazzagen_Chicago:
Dalilan suna da yawa, Malam, amma wanda na fi ba nauyi shi ne cewa mafi yawan masu inshorar wurin aiki ba sa ganin ainihin kuɗinta. Mutum yana ganin abin da aka cire a takardar albashinsa ne kawai, yana ɗauka sauran kyauta ce daga kamfani, alhali masana tattalin arziki na kowane ɓangare sun yarda cewa daga albashin da ya kamata ya karɓa ake biya. Idan ɗan siyasa ya ce masa za a ƙara haraji a soke wancan kuɗi, harajin yake ji, ɗayan kuwa bai taɓa riƙe shi a hannu ba. Sannan yawancin mutane a kowace shekara lafiyarsu ƙalau, ba su gwada inshorar ba balle su san ramukanta, saboda haka tsoron a karɓe musu abin da suke da shi ya fi ƙarfin alkawarin wani sabo. Da wannan tsoro kamfanonin inshora suka kayar da shirin Shugaba Clinton na inshora ga kowa a 1994 ta tallace-tallacen talabijin. Ga kuma majalisar dattawa, inda babbar doka takan buƙaci ƙuri'a 60 cikin 100. Obamacare kanta da ƙyar ta sha, kotun ƙoli a 2012 ta mayar da faɗaɗa Medicaid zaɓin jihohi, a 2017 kuma ƙuri'a ɗaya ta hana a rushe wani babban sashenta. Kada a manta da launin fata a wannan tarihi: 'yan majalisar kudu na zamanin Truman sun san kuɗin tarayya zai iya tilasta haɗa baƙaƙen fata da farare a asibiti ɗaya, kuma hakan ya faru a 1966, lokacin da aka ce asibitin da ke wariya ba zai ga kuɗin Medicare ba.

Alhaji_Atlanta:
Ina so Wakili ya amsa mini abu ɗaya, tun da ya kawo maganar ƙungiyoyi. A zaɓen fidda gwani na 2020 a Nevada, ƙungiyar ma'aikatan otal da gidajen abinci ta Las Vegas, wadda da yawa daga cikin 'ya'yanta 'yan ci-rani ne masu gyaran ɗaki da wanke kwanuka, ita ce ta raba takardu tana gargaɗin cewa shirin Sanders na Medicare ga kowa zai kawo ƙarshen inshorarsu. Waɗannan ba attajirai ba ne. Idan tsarin wurin aiki sharri ne zalla, me ya sa suke kare shi? Baƙon_Hamburg kuwa na ji bayaninka, kuma a matsayina na mai ƙaramin kamfani zan fi son in biya kaso sananne in huta da cinikin inshora kowace shekara, amma ka sani likitocin Jamus ba sa karɓar abin da na nan ke karɓa, kuma ban ga wanda zai iya rage musu ba.

Wakilin_Ƙwadago_Bronx:
Alhaji, tambayarka tana kan hanya, kuma muhawara ce da muke yi a cikin gida. Waɗannan ma'aikata sun yi shekaru suna yajin aiki, suna haƙura da ƙarin albashi don su gina asusun lafiyarsu, har suna da asibitinsu, saboda haka ba abin mamaki ba ne shugabanninsu su ƙi a taɓa shi. Amma ka ƙarasa labarin: Sanders ne ya lashe Nevada a wannan zaɓe, kuma ya yi nasara a yawancin rumfunan da aka kafa wa ma'aikatan otal a kan babban titin Las Vegas. Bayan 'yan makonni annobar korona ta rufe otal-otal ɗin. A watan Afrilu 2020 kaɗai Amurka ta rasa ayyuka sama da miliyan 20, a tsakiyar annoba, lokacin da kowa ke tsoron kwanciya asibiti. Ni a teburin ciniki abin da nake gani shi ne, duk zaman da muka yi, rabin lokacin yana tafiya wajen kare inshorar da muke da ita, maganar albashi da tsaron lafiya a wurin aiki sai abin da ya rage.

Malamar_Jinya_Maryland:
Alhaji ya taɓo gaskiyar da ɓangarorin biyu ba sa son faɗa. Ba yawan zuwa asibiti ya sa Amurka ta fi kowa kashe kuɗi ba, farashin kowane abu ne ya fi na ko'ina, daga kwanan gado zuwa allura, ga rundunar ma'aikata a kowane asibiti da ba su da aiki sai cike takardu da jayayya da kamfanonin inshora. Wannan kuɗi albashin wasu ne, har da irina. Duk tsarin da zai rage kashewa dole ya rage wa wani samu. An fara taɓawa kaɗan: dokar 2022 ta ƙayyade insulin, allurar masu ciwon sukari, a dala 35 a wata ga masu Medicare, ta kuma ba gwamnati ikon cinikin farashin wasu magunguna a karon farko. Amma mai shekara 40 da ke aiki a rumbun kaya ba ya cikin Medicare.

Lauya_Mai_Nazari:
Ƙari ɗaya ga 'yan uwa baƙi, domin namu ɗaurin biyu ne. Mai katin zama na dindindin yawanci sai ya shekara 5 kafin ya cancanci Medicaid, bisa dokar 1996, ko da yake wasu jihohi sun ɗage wannan ga yara da masu juna biyu. Wanda kuma ya shigo da bizar aiki ta H-1B, idan aka sallame shi, kwana 60 yake da su ya sami wani ubangida ko ya sauya matsayinsa ko ya bar ƙasar, ga inshora ta tafi. Irin wannan ma'aikaci ba ya iya ɗaga murya a wurin aiki ko an zalunce shi.

Baƙon_Hamburg:
Alhaji, gaskiya ne likitocinmu ba sa samun kamar naku, amma kuma ba sa fitowa daga jami'a da bashin ɗaruruwan dubban daloli, domin karatun likita a jami'o'in gwamnati a nan kusan kyauta ne. Farashin aikinsu kuma ƙungiyar likitoci da ƙungiyar asusun lafiya ne ke zama su yanke shi ga kowa. Ni tambayata gare ka ita ce, direbobinka nawa ne a cikin inshorar kamfani yanzu, nawa ne kuma ka ɗauka a matsayin 'yan kwangila?

Alhaji_Atlanta:
Ma'aikatana ba su kai 50 ba, doka ba ta ɗora mini ba. Na nemi farashi bara don in saka su, abin da aka yanka mini ya fi ribar da na samu a shekarar, saboda ƙaramin kamfani ba shi da bakin ciniki irin na manya. Na ƙara musu wani abu a albashi, na ce kowa ya je kasuwar Obamacare ya saya. Wasu sun saya, wasu sun tura kuɗin gida.